Darasi: Tambayoyin Lissafi Masu Tarko a Jarrabawar GMAT

Duk mai neman gurbin digiri na biyu a fannin harkokin kasuwanci, wato MBA, a makarantu irin su Harvard da Wharton a Amurka, ko INSEAD a Faransa, ko Makarantar Kasuwanci ta Landan, zai tarar ana neman makinsa na wata jarrabawar share fage. GMAT ce aka fi sani, ko da yake makarantu da dama suna karɓar GRE a madadinta. Hukumar GMAC ce ke da jarrabawar. An fara yin ta a 1954 da wani suna daban, ta koma GMAT a 1976. A ƙarshen 2023 aka fito da sabon tsari, wanda ya maye gurbin tsohon a farkon 2024. Saboda haka wanda ya aro tsohon littafin shiri a wurin wani ɗan'uwa sai ya kula, don an cire lissafin siffofi da kusurwoyi, an kuma cire rubutun insha'i.

Yanzu sashe uku ne, kowanne minti 45: lissafi mai tambaya 21, fahimtar rubutu da auna hujja mai tambaya 23, sai nazarin bayanai mai tambaya 20. Maki yana farawa daga 205 ya tsaya a 805. Da Turanci ake yin ta, a kan kwamfuta, kuma kwamfutar tana lura da kai: in kana ci ta tsananta tambayoyin, in kana faɗuwa ta sassauta. Babu kalkuleta a sashen lissafi. Raba minti 45 gida 21 ka gani, kowace tambaya minti biyu ne da 'yan daƙiƙu.

Lissafin kansa bai wuce na sakandare ba. Wanda ya zauna WAEC ko NECO ya taɓa ganin kusan duk abin da za a tambaye shi. Inda gizo ke saƙar shi ne zaɓin nan biyar da ke ƙarƙashin kowace tambaya. Huɗun da ba daidai ba, ba da ka aka zuba su ba. Mai tsara tambayar ya san kuskuren da mutane suka saba yi, ya bi kuskuren har ƙarshe, ya ɗauko abin da ya fito ya ajiye maka a cikin zaɓin. Ka yi lissafinka, ka duba ka ga amsarka tana nan, hankalinka ya kwanta, alhali ka faɗa. Ganin amsarka a cikin zaɓi ba shaida ba ce cewa ka ci.

Misalan da ke tafe an tsara su ne domin wannan darasi, a kan irin salon jarrabawar. Ka ɗauki biro da takarda, ka gwada kowanne kafin ka karanta bayaninsa.

Kashi ashirin na me?

Tambaya ta 1. Wani ɗan kasuwa ya ƙara wa kayansa kuɗi da kashi 20 cikin ɗari. Da ciniki ya ja baya, sai ya rage kashi 20 cikin ɗari daga sabon farashin. Yaya farashin ƙarshe yake in an gwada shi da na farko?

A. Daidai suke
B. Ya ragu da kashi 2
C. Ya ragu da kashi 4
D. Ya ƙaru da kashi 4
E. Ya ragu da kashi 20

Zuciya za ta ce A: an ƙara 20, an cire 20, an koma gidan jiya. To amma ashirin ɗin farko da na biyu ba na abu ɗaya ba ne. Tun da ba a faɗi farashin ba, ka sa masa 100 da kanka. An ƙara kashi 20, ya zama 120. Ragin kuwa daga 120 za a yi shi, kuma kashi 20 na 120 shi ne 24. Saura 96. Amsa C ce.

Wannan dabara ta sa wa abu lamba da kanka za ta yi maka aiki sosai. Duk inda aka yi maganar kashi cikin ɗari ba a faɗi ainihin kuɗin ba, 100 ta ishe ka, ba sai ka shiga neman x da y ba. Juya tambayar ma haka take. Kaya ya tashi da kashi 25, kashi nawa za a rage ya koma yadda yake? Daga 100 ya je 125. Abin da za a cire 25 ne, amma daga 125, wato ɗaya bisa biyar, kashi 20 ke nan. Kuma ka tabbata 25 tana cikin zaɓin tana jiran mai gaggawa.

Ga wadda ta fi waɗannan kayar da mutane.

Tambaya ta 2. Ɗanyen tumatir kilo 40, kashi 90 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne. An yanka an shanya, har ruwan da ya rage a cikinsa ya zama kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa. Kilo nawa ne busasshen?

A. 4  B. 5  C. 8  D. 12  E. 28

Mai sauri zai ce daga 90 zuwa 20 an rasa kashi 70, kashi 70 na 40 shi ne 28, saura 12. Ga 12 nan a D, ga 28 a E domin wanda ya manta bai ɗebe ba. Duk kuskure ɗaya ne da na ɗazu: 90 na ɗanye ne, 20 na busasshe, ba a ɗebe wannan daga wancan.

Abin tambaya a irin wannan shi ne, mene ne bai canja ba? Rana ruwa take sha, ba ta taɓa tsokar tumatirin. Tsoka a ɗanyen kashi 10 ce na kilo 40, kilo 4 ke nan. Bayan shanya tana nan kilo 4, sai dai yanzu ita ce kashi 80 na nauyin duka, tun da ruwa kashi 20 ne. In kilo 4 ne kashi 80, to kowane kilo ɗaya kashi 20 ne, duka kuwa kilo 5. Gwada ka gani: a kilo 5, kilo 1 ruwa, 4 tsoka, ruwan ɗaya bisa biyar ne daidai. Amsa B. Wanda ya tsaya a 4 ya kama hanya mai kyau amma bai ƙarasa ba, shi ma an tanadar masa A.

Kilo 40 ya koma 5 zai yi wa wasu kamar ya yi yawa. Duk wanda ya taɓa ganin kwandon tumatir ya koma ɗan ƙullin kauɗa ba zai yi mamaki ba.

Matsakaicin da ba a tsakiya yake ba

Tambaya ta 3. Mota ta tafi wani gari da gudun kilomita 60 a awa, ta dawo ta hanyar da ta bi da gudun kilomita 40 a awa. Mene ne matsakaicin gudunta a tafiyar duka?

Hamsin za ta fara zuwa maka, kuma hamsin ba daidai ba ce. Matsakaicin gudu shi ne nisan da aka ci duka a raba da lokacin da aka ɗauka duka. Ba a faɗi nisan ba, to ka sa naka, ka zaɓi lambar da 60 da 40 duk suke shiga ba saura: 120. Zuwa awa 2, dawowa awa 3. Kilomita 240 a awa 5, wato 48.

Me ya sa ta gaza 50? Domin motar ta fi daɗewa tana gudun 40. Awa uku ta yi a hankali, awa biyu kawai da sauri, dole matsakaicin ya karkata wajen 40. Wanda ya gane wannan, kafin ya taɓa biro ya riga ya soke 50 da duk abin da ya haura ta. In lokaci ya ƙure maka, wannan sokewar kaɗai ta rage maka zaɓi daga biyar zuwa biyu ko uku. Da a ce tambayar cewa ta yi motar ta yi awa ɗaya tana gudun 60, awa ɗaya tana gudun 40, to a nan 50 ce amsa, don lokacin ne ya zo daidai. Kalma biyu ko uku ne suka raba tambayoyin biyu.

Akwai wata 'yar'uwarta mai ban dariya. Direba zai yi tafiyar kilomita 120, yana son matsakaicin gudunsa ya zama 60 a awa. Rabin farko ya yi shi da gudun 30. Da wane gudu zai yi rabin da ya rage? Kowa 90 yake cewa. Amma kilomita 120 da matsakaicin 60 awa 2 ne cif, shi kuwa ya riga ya cinye awa biyun a kilomita 60 na farko. Ko jirgin sama ya hau ba zai cim ma abin da ya so ba.

Aiki tare

Tambaya ta 4. Injin buga takardu na farko yana gama wani aiki a awa 6. Na biyu yana gama irinsa a awa 4. An kunna na farko shi kaɗai ya yi awa 1, sannan aka kunna na biyu suka ci gaba tare. Awa nawa aikin ya ɗauka tun daga farawa har gamawa?

Ba a tara awanni, ba a kuma neman tsakiyarsu. Abin da ake tarawa shi ne yawan aikin da kowanne ke yi a awa ɗaya. Ka sa aikin ya zama littafi 12, don 6 da 4 duk suna shiga 12. Na farko yana buga 2 a awa, na biyu 3. A awar farko an buga 2, saura 10. Su biyun tare suna buga 5 a awa, awa 2 ke nan. Yanzu kafin ka danna 2, koma ka sake karanta jimlar ƙarshe ta tambayar. Cewa aka yi tun daga farawa. Amsa 3.

Wannan komawar ka mayar da ita al'ada. Tambayoyi da yawa ba a lissafi ake faɗuwarsu ba, a layin ƙarshe ne: an tambayi abin da ya rage ka ba da abin da aka kashe, an tambayi minti ka ba da awa.

Biyu da ba sa cin lokaci

Wani lokaci za a ba ka lambar da ba ta lissaftuwa da hannu, kamar 7 a ninka ta da kanta sau 43, a ce wace lamba ce a ƙarshenta. Ba so ake ka ninka ba. Duba ƙarshen na farko-farko: 7, sai 49, sai 343, sai 2401. Ƙarshensu 7, 9, 3, 1, daga nan kuma zagayen ya sake komawa 7. Tun da huɗu-huɗu yake zagayawa, raba 43 da 4: goma, saura 3. Ta uku a jerin ita ce 3. In babu saura, ta ƙarshen jerin za ka ɗauka, wato 1.

Sai tambayar rukuni biyu masu shiga juna. Kamfani yana da ma'aikata 100, 60 suna jin Faransanci, 50 suna jin Larabci, 20 ba sa jin ko ɗaya. Nawa ne ke jin Faransanci kaɗai? Fitar da 20 ɗin tukuna, saura 80. Tara 60 da 50 ka sami 110, ya haura 80 da 30, kuma wannan 30 ɗin su ne aka ƙirga sau biyu, masu jin duka biyun. Faransanci kaɗai: 60 a ɗebe 30, saura 30. Larabci kaɗai 20.

Bayanin ya isa ko bai isa ba?

Wannan nau'in ya fi kowanne baƙunta ga wanda ya taso a makarantunmu, don ba amsar lissafin ake nema ba. A da yana cikin sashen lissafi, a sabon tsari an mayar da shi sashen nazarin bayanai. Za a yi tambaya, a kawo bayani biyu, a ce ka faɗi wanne ne ya isa a amsa ta. Zaɓin biyar ba sa canjawa, don haka ka haddace su tun a gida. Littattafan shiri suna jera su kamar haka:

A. Bayani na 1 kaɗai ya isa, na 2 kaɗai bai isa ba.
B. Bayani na 2 kaɗai ya isa, na 1 kaɗai bai isa ba.
C. Sai an haɗa su biyun, babu wanda ya isa shi kaɗai.
D. Kowanne ya isa shi kaɗai.
E. Ko an haɗa su ba su isa ba.

A ganina wannan ne ɓangaren da ya fi kusa da aikin manaja na gaskiya, wanda kullum sai ya yanke ko rahoton da ke gabansa ya isa a ɗauki mataki ko a nemo ƙari.

Tambaya ta 5. Wata mata ta sayi biro da littattafan rubutu. Kowane biro dala 3, kowane littafi dala 5. Littafi nawa ta saya?
Bayani na 1: Dala 19 ta kashe gaba ɗaya.
Bayani na 2: Abubuwan da ta saya guda 5 ne.

A makaranta an koya mana cewa in abu biyu ne ba a sani ba, sai da jimlar lissafi biyu. Wanda ya riƙe wannan zai danna C ya wuce. Ka dakata. Ba a sayen rabin biro. Ɗauki bayani na 1 shi kaɗai ka gwada: littafi 1 dala 5, saura 14, ba ta rabuwa da 3. Littafi 2 dala 10, saura 9, biro 3 ke nan. Littafi 3 dala 15, saura 4, ba ta rabuwa. Littafi 4 ya wuce kuɗin. Hanya ɗaya ce tak, saboda haka bayani na 1 ya isa. Na 2 kuwa bai isa ba, don guda 5 na iya zama littafi 1 da biro 4, ko littafi 4 da biro 1. Amsa A.

Kada kuma ka mayar da wannan doka. Da dala 34 ta kashe, littafi 2 da biro 8 ya yi, littafi 5 da biro 3 ma ya yi, bayanin bai isa ba. Sai an gwada ake sani.

Tarkon yana zuwa ta ɗaya gefen ma.

Tambaya ta 6. Nawa ne kuɗin littafi ɗaya?
Bayani na 1: Biro 2 da littafi 3 dala 21 ne.
Bayani na 2: Biro 4 da littafi 6 dala 42 ne.

Ga jimla biyu, ga abu biyu da ba a sani ba, C tana kiranka. Duba da kyau: na biyun na farkon ne aka ninka sau biyu. Magana ɗaya aka maimaita, babu sabon labari. Amsa E. Amma da tambayar cewa ta yi nawa ne biro 6 da littafi 9, kowane bayani ya isa shi kaɗai, dala 63, ba tare da ka taɓa sanin kuɗin biro ɗaya ba. Amsa ta koma D. Bayanan ba su motsa ba, tambayar ce ta canja.

Abu biyu kuma. Idan ka gama da bayani na 1 ka koma na 2, ka manta da na 1 ɗungurungum, kamar ba ka taɓa ganinsa ba. Mutane da yawa suna ɗauke da shi a ka ba su sani ba, sai su ga kamar na 2 ya isa. Sannan in tambayar ta i ko a'a ce, bayanin da ke ba da a'a a kowane hali ya isa, don a'a ma amsa ce. Wanda bai isa ba shi ne mai ba da i a wani hali, a'a a wani.

Misali: shin x sau x ya fi x yawa? Bayani na 1 ya ce x ya fi sifili. Bayani na 2 ya ce x ya fi 1. In ka gwada 2 da 3 da 10 kawai, za ka ce na 1 ya isa. Gwada rabi: rabi sau rabi rubu'i ne, ya gaza rabi. Gwada 1: daidai suke. Ashe na 1 bai isa ba. Na 2 ya isa, amsa B. In dai ba a ce x cikakkiyar lamba ce ba, kada ka ɗauka haka. Ka riƙa gwada sifili, da 1, da rabi, da lambar da ke ƙasa da sifili, a nan ake ɓoye yawancin tarkunan.

Agogo

Barin tambayoyi ba amsa a ƙarshen sashe yana rage maki sosai, fiye da faɗuwar tambaya ɗaya ko biyu a tsakiya. In ka kai minti uku a kan tambaya ba ka ga hanya ba, soke waɗanda ka tabbata ba su ba ne, zaɓi ɗaya, sa mata alama, ka wuce. Sabon tsarin ya yarda ka koma ka duba amsoshinka in ka gama sashe da sauran lokaci, ka canja har guda uku. Uku ne kawai, don haka alamar ka ajiye ta domin tambayar da ka san ƙarin minti ɗaya zai warware maka ita.

Wajen shiri a gida kuma, yawan tambayoyin da ka yi bai kai muhimmancin abin da ka yi da waɗanda ka faɗi ba. Ka ware littafi guda. Duk wadda ka faɗi, rubuta dalilin da kalmominka: ban san ƙa'idar ba, ko ban karanta layin ƙarshe ba, ko na ɗauka x cikakkiyar lamba ce. Bayan 'yan makonni za ka ga kurakuran naka iri biyu ne ko uku suke ta dawowa, su za ka sa a gaba.

Aikin gida

Ba kalkuleta. Ka ba kanka minti 11.

1. An rage albashin wani ma'aikaci da kashi 20 cikin ɗari. Kashi nawa za a ƙara wa sabon albashin ya koma yadda yake a da?
2. Bas ta tafi da gudun kilomita 90 a awa, ta dawo ta hanya ɗaya da gudun 60. Nemo matsakaicin gudunta.
3. Famfo yana cika tanki a awa 4. Tankin yana yoyo, in ya cika yoyon yana zubar da ruwan duka a awa 12. Awa nawa famfon zai yi kafin ya cika tankin da babu komai a ciki?
4. Wace lamba ce a ƙarshen 3 in an ninka ta da kanta sau 26?
5. Wani ya sayi katuna iri biyu, na dala 4 da na dala 7. Na dala 7 nawa ya saya? Bayani na 1: Dala 50 ya kashe. Bayani na 2: Katunan guda 8 ne.

Amsoshi. Ta 1: kashi 25, don daga 80 ake hawa zuwa 100, kuma 20 rubu'in 80 ce. Ta 2: 72, ka sa nisan ya zama 180. Ta 3: awa 6, tanki mai cin bokiti 12, famfo yana zuba 3 a awa, yoyo yana zubar da 1. Ta 4: 9, jerin shi ne 3, 9, 7, 1, kuma 26 a raba da 4 saura 2. Ta 5: C. Dala 50 tana fita ta hanya biyu, na dala 7 guda 2 da na dala 4 guda 9, ko na dala 7 guda 6 da na dala 4 guda 2. Sai bayani na 2 ya shigo ake sanin ta biyun ce.